Yadda Ake Kafa Sabar DNS Ta Kanka a Gida da Pi-hole da Unbound

Duk lokacin da wani a gidanka ya buɗe WhatsApp ko ya rubuta sunan wani shafi a burauza, kafin ko harafi ɗaya ya sauko, sai wayarsa ta fara da tambaya: wannan sunan, mece ce lambarsa? Na'urori ba su san suna ba, lamba suka sani. Tsarin da ke amsa wannan tambaya shi ne DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983, kuma har gobe a kansa intanet ke tafiya. Ba a cika tunawa da shi ba sai ya kwanta. Ranar 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace na kusan awa shida, mutane suka yi ta kashe waya suna kunnawa suna zagin kamfanin layi, alhali sabobin DNS na Facebook ne aka rasa hanyar kai wa gare su.

A yawancin gidaje, waya rauta take tambaya, rauta ta miƙa tambayar ga kamfanin da ke sayar maka da data, ko ga Google a 8.8.8.8, ko Cloudflare a 1.1.1.1. Abin da za mu yi shi ne mu dawo da wannan aiki cikin gida, a kan ƙaramar na'ura guda mai ɗauke da manhajoji biyu. Pi-hole shi ne maigadi: kowace tambaya ta wurinsa za ta bi, idan sunan na masu talla ne ko na masu bin diddigin mutane, ya tare shi a bakin ƙofa. Unbound, wanda cibiyar NLnet Labs ta ƙasar Holan ke kula da shi, shi ne ɗan aike: sunan da maigadi ya bari ya wuce, shi zai tashi da ƙafarsa ya nemo lambar daga tushe.

Ga yadda aiken ke tafiya. A ce an nemi shafin da ya ƙare da .ng. Unbound zai fara da sabobin tushe, waɗanda ke da sunaye 13 daga a zuwa m, ko da yake kwafinsu da ke warwatse a duniya sun haura dubu. Su ba za su ba shi lambar ba, sai dai su nuna masa sabobin .ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi. Waɗannan su tura shi ga sabar mai shafin, ita ta ba shi amsa. Sai ya ajiye amsar a wurinsa, wanda ya sake tambaya ya samu nan take.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka san abin da wannan ba zai yi maka ba. Ba VPN ba ne. Tambayoyin Unbound a fili suke fita, kamfanin layinka zai iya ganinsu idan ya so. Ribar ita ce babu wani kamfani guda a waje da ka ɗauki jerin duk wuraren da iyalinka ke shiga ka damƙa masa. Haka kuma ba zai cire tallan YouTube ko na cikin Facebook ba, domin tallan da bidiyon ta ƙofa ɗaya suke shigowa, in ka toshe ɗaya ka toshe duka. Wanda yake kamawa sosai shi ne tallan cikin wasannin yara, da na manhajojin kyauta, da na shafukan labarai, da rahoton da talabijin mai intanet ke aikawa gida ba tare da ka sani ba.

Kayan aiki

Raspberry Pi ƙaramar kwamfuta ce mai girman tafin hannu, kuma samfurin Pi 3B+ ko Pi 4 ya wadatar, har da rara. Pi-hole ba ya neman fiye da RAM 512MB, shi ya sa ko Pi Zero 2 W yana ɗaukarsa, sai dai shi ba shi da ramin kebul, Wi-Fi kawai. In da hali ka haɗa da kebul kai-tsaye zuwa rauta. Za ka buƙaci memori mai kyau na 16GB ko sama, da caja ta ƙwarai: Pi 3B+ yana son 5V 2.5A, Pi 4 kuma 5V 3A ta USB-C. Cajar da aka tsinta a durowa ita ce tushen rabin matsalolin da ake ɗora wa manhaja.

Idan kana da tsohuwar laftof da aka jingine, kada ka raina ta. A wurinmu ta ma fi Pi ta fuska biyu: batirinta zai riƙe ta in an ɗauke wuta, kuma tana da agogon ciki mai ɗan batirinsa, abin da za ka ga muhimmancinsa nan gaba. Ka ɗora mata Debian, sannan a fayil ɗin /etc/systemd/logind.conf ka sa HandleLidSwitch=ignore don kada ta yi barci in an rufe murfinta. Sauran matakan kusan duk ɗaya ne.

Sai maganar wuta, kuma ita ce gaba da komai. Daga ranar da ka mayar da gidanka kan wannan na'ura, in ta mutu intanet ya mutu, ko da data na nan cike kuma rauta na haske. Saboda haka duk abin da ke riƙe rautarka, shi zai riƙe Pi. In kana da inbata da sola, shi ke nan. In babu, ka nemi ƙaramin UPS ɗin nan na rauta mai fitar da 9V da 12V da kuma USB, ka jona su biyun a kansa. Ka yi hattara da fawa-bankin waya: da yawansu suna yanke wuta na ɗan ƙiftawar ido a lokacin da NEPA ta kawo ko ta ɗauke, kuma wannan ƙiftawar ta isa ta kashe Pi, in ta yawaita ta lalata memori.

Mataki na farko: ɗora tsarin aiki

A kwamfutarka ka sauke Raspberry Pi Imager, ka saka memorin, ka zaɓi Raspberry Pi OS Lite. Ba ma buƙatar mai hotuna da linzami. Kafin ya rubuta zai ba ka damar saka sunan na'ura, da sunan shiga, da kalmar sirri, da kunna SSH, wato hanyar ba wa Pi umarni daga wata kwamfuta. Ka cika su duka. Wurin yankin lokaci ka zaɓi Africa/Lagos, na Nijar su zaɓi Africa/Niamey. Bayan ya gama, ka mayar da memorin cikin Pi, ka haɗa kebul, ka kunna, ka ba shi minti biyu ko uku. In sunan da ka ba shi maigadi ne, sunan shigarka kuma musa, daga kwamfuta ka shiga haka:

```
ssh musa@maigadi.local
sudo apt update && sudo apt full-upgrade -y
```

In sunan bai amsa ba, ka shiga shafin rautarka ka duba jerin na'urorin da ke haɗe, za ka ga lambar da ta ba shi.

Mataki na biyu: adireshin da ba ya canzawa

Rauta tana raba wa na'urori adireshi ne aro, gobe tana iya ba ka wani daban. Sabar DNS kuwa dole kowa ya san inda zai same ta kullum. Fara da gano adireshin rautar da umarnin ip route, lambar da ta biyo bayan default via ita ce. Galibi 192.168.0.1 ne, ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a na'urorin Huawei. Zan yi misali da ta farkon, kai ka daidaita da taka. Ka duba a shafin rauta daga ina zuwa ina take rabon adireshi, ka zaɓi lambar da ke wajen wannan iyaka. In tana farawa daga 100, to 192.168.0.2 ta yi.

```
nmcli con show
sudo nmcli con mod "Wired connection 1" ipv4.method manual ipv4.addresses 192.168.0.2/24 ipv4.gateway 192.168.0.1 ipv4.dns "9.9.9.9"
sudo reboot
```

Sunan da ke tsakanin alamun zance ka maye shi da wanda umarnin farko ya nuna maka, don ba lallai ya zo ɗaya da nawa ba. Ka lura na sa shi kansa Pi ya riƙa tambayar 9.9.9.9, ban ce ya tambayi kansa ba. Da gangan na yi, dalilin na zuwa.

Mataki na uku: girka Pi-hole

```
curl -sSL https://install.pi-hole.net | bash
```

Akwai masu ƙyamar a sauke rubutun umarni daga intanet a zuba shi kai-tsaye ba a karanta ba, kuma suna da gaskiya. In kana cikinsu, ka sauke shi tukuna, ka duba, sannan ka kunna. Zai yi maka 'yan tambayoyi: ka zaɓi eth0 in da kebul kake, ka karɓi jerin toshewar da ya zo da shi na StevenBlack, wurin sabar da zai riƙa tambaya ka zaɓi ko wacce, za mu canza ta. Da ya gama ka saka kalmar sirrin shafin kula da sudo pihole setpassword, sannan a burauza ka buɗe http://192.168.0.2/admin. Bayanin da zan yi na shafin ya dace da siga ta 6, wadda ta fito a Fabrairun 2025. Tsofaffin jagorori da ke maganar lighttpd na siga ta 5 ne, kada su ruɗa ka.

Mataki na huɗu: Unbound

```
sudo apt install unbound -y
sudo nano /etc/unbound/unbound.conf.d/pi-hole.conf
```

Ka zuba wannan a ciki:

```
server:
    verbosity: 0
    interface: 127.0.0.1
    port: 5335
    do-ip4: yes
    do-udp: yes
    do-tcp: yes
    do-ip6: no
    harden-glue: yes
    harden-dnssec-stripped: yes
    use-caps-for-id: no
    edns-buffer-size: 1232
    prefetch: yes
    serve-expired: yes
    serve-expired-ttl: 86400
    num-threads: 1
    private-address: 192.168.0.0/16
    private-address: 172.16.0.0/12
    private-address: 10.0.0.0/8
    private-address: 169.254.0.0/16
```

Ƙofar DNS ta asali ita ce 53, amma Pi-hole ya riga ya zauna a kanta, shi ya sa muka ba Unbound 5335. Adireshin 127.0.0.1 yana nufin babu mai iya yi masa magana sai wanda ke cikin na'urar, wato maigadi kaɗai ke aikensa. Layuka biyu ne na fi so ka gane. Da prefetch, sunan da ake yawan nema Unbound zai sabunta shi kafin wa'adinsa ya ƙare. Da serve-expired kuma, in wa'adin amsa ya ƙare aka je sabuntawa sabis ya yi nauyi, zai iya ba da tsohuwar amsar maimakon ya ce babu, har tsawon daƙiƙa 86400, wato kwana ɗaya. Duk wanda ya san yadda sabis ke yi da magariba in kowa ya dawo gida ya hau layi, ya san amfanin wannan. Layukan private-address suna hana wani shafi na waje ya yi dabara ya nuna burauzarka zuwa rautarka ko kyamarar gidanka.

Ka adana, ka duba ko akwai kuskure, ka tayar da shi, ka gwada:

```
sudo unbound-checkconf
sudo systemctl restart unbound
dig pi-hole.net @127.0.0.1 -p 5335
```

Ka nemi status: NOERROR da lamba a sashen amsa. A ƙasa akwai Query time. Karon farko zai ɗan jima, don sai ya zagaya tun daga tushe. Ka maimaita umarnin, za ka ga ya faɗo kusan sifili. Sai gwajin DNSSEC, wato sa hannun da ke tabbatar da cewa ba a sauya amsa a hanya ba:

```
dig dnssec-failed.org @127.0.0.1 -p 5335
```

Wannan sunan da gangan aka ɓata sa hannunsa. Amsar da kake so ita ce SERVFAIL, wato ya ƙi ba da lamba. In ya ba ka lamba, tantancewar ba ta aiki. Ka kuma duba systemctl is-active unbound-resolvconf.service. In ya ce active, ka kashe shi da sudo systemctl disable --now unbound-resolvconf.service, domin yakan yi katsalandan ya canza wa na'urar wanda take tambaya.

Yanzu ka haɗa su: a shafin Pi-hole ka shiga Settings, sannan DNS, ka cire alamar duk sabobin da aka zaɓa, a akwatin Custom DNS servers ka rubuta 127.0.0.1#5335, ka adana. Ka tabbata ba ka bar ko ɗaya da alama ba.

In kamfanin layinka na tare hanya

Wasu kamfanonin, musamman na layin waya, sukan kama duk abin da ya fita ta ƙofa ta 53 su amsa da kansu, ko da ba su aka tambaya ba. A irin wannan layi Unbound zai yi ta ba ka SERVFAIL ba gaira ba dalili. Ga yadda za ka gane:

```
dig google.com @198.41.0.4
```

Wannan lambar ta sabar tushe ta farko ce. Sabar tushe ta gaskiya ba ta san lambar Google ba, za ta nuna ANSWER: 0 ta jero maka sabobin .com. In ka ga ta ba ka lamba kai-tsaye, wani ne ya amsa da sunanta. Mafita ita ce ka haƙura da zagayen tushe, ka sa Unbound ya riƙa aika tambayoyinsa a rufe ta ƙofa ta 853. Ka ƙara wannan a ƙarshen fayil ɗin pi-hole.conf:

```
    tls-cert-bundle: /etc/ssl/certs/ca-certificates.crt

forward-zone:
    name: "."
    forward-tls-upstream: yes
    forward-addr: 9.9.9.9@853#dns.quad9.net
    forward-addr: 149.112.112.112@853#dns.quad9.net
```

Quad9 gidauniya ce da ke Siwizalan, ba ta kasuwanci ba, kuma tana toshe shafukan da aka san na masu damfara ne. A nan ciniki ya juya: kamfanin layi ba ya ganin tambayoyinka, amma Quad9 na gani. Akwai masu zaɓar wannan hanya ko da layinsu lafiya lau, kuma ban ga laifinsu ba. Kowa da wanda ya fi yarda da shi.

Mataki na biyar: juyo da gidan gaba ɗaya

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Kada ka fara da rauta. Ka ɗauki wayarka ita kaɗai, ka shiga saitin Wi-Fi ɗin gidan, ka mayar da IP daga DHCP, wato rabon adireshin aro da rauta ke yi, zuwa Static, ka sa DNS 1 ya zama 192.168.0.2. Ka yi kwana ɗaya ko biyu a haka: manhajar banki, WhatsApp, taswira, duk abin da ka saba. Sai ka gamsu sannan ka taɓa na sauran mutane.

A shafin rauta ka nemi sashen DHCP ko LAN, a wurin DNS ka sa 192.168.0.2. Akwai wani wurin DNS ɗin a sashen WAN ko Internet, ba shi ake nufi ba. In ka sa a can, duk tambayoyin gidan za su iso wa Pi-hole da sunan rauta, ba za ka bambance wayar wani da ta wani ba, kuma tunda yana taƙaita kowace na'ura ga tambaya 1000 a minti ɗaya, rautar za ta iya cin wannan iyaka ya rufe mata ƙofa, gidan ya tsaya cik.

Akwatin DNS na biyu fa? Zuciya za ta ce ka sa 8.8.8.8 saboda ɓacin rana. Kada ka sa. Na'urori ba sa ɗaukarsa a matsayin na ko-ta-kwana, suna tambayar wanda suka ga dama a lokacin da suka ga dama, sai ka ga talla na ɓullowa yau, gobe babu, ka rasa dalili. Ka bar shi fanko, ko ka maimaita lambar farko in rautar ta yarda. In kana son madadi na gaske, sai dai Pi na biyu.

Sai kuma matsalar da ta fi damun mu: yawancin MiFi da rautocin da ake sayarwa tare da layi ba su da wurin canza DNS kwata-kwata. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Hanya uku ce. In rautar ta yarda a kashe DHCP ɗinta, ka fara kunna na Pi-hole a Settings, sashen DHCP, ka sa iyaka kamar 192.168.0.100 zuwa 192.168.0.200 da adireshin rauta, sannan ka kashe nata. Ka kiyaye wannan jeri, kuma kada ka bar biyun a kunne tare. In ba ta yarda ba, ka sayi ƙaramar rauta ta daban ka jona a bayanta, gidan ya koma kan sabuwar. In duk babu, sai bin na'urori ɗaya bayan ɗaya da hannu kamar yadda ka yi wa wayarka. Bayan kowane canji, a kashe Wi-Fi ɗin kowace na'ura a sake kunnawa don ta karɓi sabon saiti.

In ka gama duk wannan amma wata waya ba ta bayyana a Query Log ba, wato jerin tambayoyin da ke shafin Pi-hole, abu uku za ka duba. Tun daga Android 9 akwai saitin Private DNS: in an rubuta sunan wata sabar a ciki, wayar ta tsallake maigadinka ke nan, a mayar da shi Automatic ko Off. Chrome ma yana da nasa, Use secure DNS. Na uku IPv6, sabon tsarin adireshi: in layinka na da shi, rauta kan tallata kanta a matsayin DNS ta wannan hanyar, mafi sauƙi ka kashe IPv6 a ɓangaren LAN. Firefox da iCloud Private Relay na Apple, Pi-hole yana aika musu alamar su bi ta gida tun daga girkawa.

Agogo

Wannan ban taɓa ganin jagorar Turawa ta ba shi muhimmanci ba, don su ba a ɗauke musu wuta kwana uku. Mun yi tafiya, na kashe komai na gidan. Da muka dawo na kunna, rauta na haske, data na nan, Pi ya tashi, amma babu shafin da ke buɗewa. Yara na tsaye a kaina, uwargida na cewa "ai dama na faɗa maka wannan akwatin naka sai ya ja mana." Na shiga na duba, kowace tambaya SERVFAIL. Sai da na rubuta date na ga na'urar tana nan a ranar da muka tafi.

Raspberry Pi, in ban da Pi 5, ba shi da agogon da ke ci gaba da tafiya in babu wuta. In ya tashi, daga lokacin da ya tuna na ƙarshe yake ɗorawa, sai ya tambayi intanet ya gyara. Sa hannun DNSSEC kuwa yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. In agogonka na baya da kwanaki, Unbound zai ga sa hannun da a lissafinsa ba a ma yi shi ba tukuna, ya ƙi karɓa. A lokacin na sa Pi yana tambayar kansa, to ga agogo na jiran DNS ya nemo masa sabar lokaci, DNS na jiran agogo ya daidaita. Kowa na jiran kowa.

Dalilin 9.9.9.9 na mataki na biyu ke nan. Don ƙarin tabbaci, ka ba shi sabar lokaci da lamba, ba da suna ba. A fayil ɗin /etc/systemd/timesyncd.conf, ƙarƙashin Time, ka sa:

```
NTP=162.159.200.1 216.239.35.0
```

Ta farko ta Cloudflare ce, ta biyu ta Google. Ka sake tayar da na'urar, ka rubuta timedatectl, ka nemi System clock synchronized: yes. Mai son maganin dindindin ya sayi ɗan guntun agogo DS3231 ya maƙala wa Pi, mai Pi 5 kuma batirin agogon kawai zai saya.

Zaman yau da kullum

Wata rana wani abu zai ƙi buɗewa, kuma kai za a kira. Kafin ka zargi kowa ka rubuta pihole disable 5m, toshewa ta tsaya na minti biyar. In abin ya buɗe, maigadi ne. Ka shiga Query Log, ka sake gwada abin, ka ga sunan da ya yi ja, ka danna Allow. Abin da aka fi kawo ƙara a kai shi ne sakamakon farko na binciken Google, waɗanda tallace-tallace ne, da wasannin da ke ba yaro lada in ya kalli talla. Na biyun ni ban buɗe ba. Shawarata kada ka bi masu tara jerin toshewa goma sha. Kowane ƙarin jeri ƙarin ƙorafi ne, kuma ranar da manhajar banki ta ƙi aiki ana tsakiyar biyan kuɗi, ba wanda zai yaba maka yawan sunayen da ka toshe. Jerin da ke akwai yana sabunta kansa duk mako. Ita manhajar kuwa sai ka sabunta da pihole -up, kuma ka yi hakan ranar da kake gida.

In kana son wayoyin yara su fi na manya tsauri, ka buɗe rukuni a Groups, ka ƙara jerin shafukan batsa da na caca a Lists ka ɗaura shi ga wannan rukunin kaɗai, sannan a Clients ka saka na'urorinsu. Wayoyin zamani suna ɓoye lambar MAC ta ainihi, wato lambar shaidar na'ura, su nuna ta bogi, don haka ka kashe wannan a saitin Wi-Fi ɗin gida na kowace wayar. Kuma ka sani yaron da ya kashe Wi-Fi ya kunna datar layinsa ya fita daga hannunka.

Za ka iya raɗa wa kayan gida suna a Local DNS Records, firinta ta zama firinta.home.arpa maimakon lambar da kullum ake mantawa. An keɓe home.arpa don wannan aikin. Ka guji .local, tana da nata aikin daban.

Akwai abin da ya kamata ka tsaya ka yi tunani a kai. Query Log yana nuna maka sunan duk shafin da kowace na'ura ta nema, da lokacin: na matarka, na ƙaninka, na baƙon da ya roƙi kalmar sirri. Ba ya nuna abin da aka karanta ko aka rubuta, amma suna kaɗai ya isa ya tona asiri, ko na rashin lafiya ko na bashi. Ka kafa wannan ne don kada wani kamfani ya riƙa leƙen gidanka, bai kamata kai ka gaje kujerarsa ba, kuma bin diddigin asirin mutane abu ne da addini ya hana. Ka gaya wa manyan gidan abin da na'urar ke gani. Bayan makonnin farko na gyare-gyare, ka shiga Settings, sashen Privacy, ka ɗaga matakin ya ɓoye sunayen shafuka da na na'urori. In matsala ta taso ka sauke shi na ɗan lokaci.

Kada ka taɓa buɗe ƙofa ta 53 a rauta don ka riƙa amfani da sabar daga waje. Masu kai hari suna sintiri suna neman irin waɗannan, su yi amfani da layinka da datarka su jefi wasu. In kana son ta bi ka har kasuwa, ta manhajar VPN irin WireGuard ko Tailscale ake yi. Tailscale ya fi sauƙi a layukan waya, inda kamfani ke haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya.

Memori kuwa zai mutu wata rana, ko ana wuta ko ba a yi. Da zarar komai ya zauna, ka shiga Settings, sashen Teleporter, ka fitar da kwafin saitinka, ka haɗa da fayil ɗin pi-hole.conf ka ajiye a kwamfuta ko a imel ɗinka. Sannan ka samu 'yar takarda ka rubuta adireshin shafin rauta, da inda ake canza DNS, da lambar 9.9.9.9 da za a sa a madadin 192.168.0.2. In Pi-hole ne ke rabon adireshi, ka ƙara da yadda ake sake kunna DHCP ɗin rauta. Ka liƙa ta da salatif a ƙasan rautar, ka nuna wa wanda ya fi kowa zama a gida, ka sa ya gwada sau ɗaya a gabanka.